Tikitin Sari Ko Na Ɗai-ɗai? Shawara Ga Magidanta Masu Fita Waje Da Iyali

Duk wanda ya bar Gumel ya nausa kudu maso gabas zai iske garin da ake kira Gagarawa Tasha, kuma sunan kaɗai ya isa ya ba shi tarihin wurin. A shekarar 1930 ne Turawan mulkin mallaka suka kammala shimfiɗa layin dogon da ya tashi daga Kano, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya je ya tuƙe a Nguru, wato kimanin shekaru 19 bayan da dogo ya iso Kano a 1911. Kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro ce ta sa aka yi wannan aiki, amma duk da haka mutanen ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har zuwa Sule Tankarkar, sun ci moriyarsa a matsayin fasinjoji. Kakanninmu sun san ranar jirgi, sun san kuɗin kowane tarago, sun kuma san yadda ake shirya guzuri da yara kafin a ji kukan jirgi daga nesa.

Ita kanta kalmar tasha jirgin ne ya kawo mana ita. Daga Ingilishi aka aro ta, harshen Bahaushe ya sassaƙe ta har ta zama tamkar 'yar gida, sannan ta yaɗu ta haifi tashar mota da tashar rediyo, har ma da ɗan tasha. Haka aka yi da tikiti da fasinja da reluwe. Kalmomin sun zauna daram, amma abin da ya kawo su ya ja da baya tun daga wajejen 1980, lokacin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta shiga halin ni-'yasu. Sakamakon haka shi ne a yau muna da likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata waɗanda suka hau jirgin sama fiye da yadda suka hau jirgin ƙasa. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya ɗan farfaɗo da sabon, sai dai layi ɗaya ne mai sauƙin lissafi. To, irin wannan magidanci ne yakan kwashi iyalinsa zuwa Turai ko Asiya, don bikin kammala karatun ɗansa ko ganin likita ko hutu, ya tarar da ƙasashen da jirgin ƙasa ya zame musu kamar jijiyoyin jiki, kuma tun kafin ya tashi a tallata masa wani tikiti a intanet, a ce da shi zai zagaye ƙasashe sama da 30 da kuɗi ɗaya. Tambayar da wannan rubutu yake son amsawa ita ce, shin akwai riba a cikin sayen irin wannan tikiti ga mai tafiya da iyali?

Kafin a amsa, ya kamata mu raɗa wa abin suna. Ni dai a ganina babu sunan da ya fi dacewa da shi kamar tikitin sari. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san bambancin mai sayen ɗai-ɗai da ɗan sari. Ɗan sari yakan biya kuɗi mai yawa a dunƙule domin farashin kowane guda ya sauko, amma ya san cewa ribarsa tana rataye ne a kan ya batar da kayan duka, idan rabi ya yi kwantai, arahar ta koma asara. Haka wannan tikiti yake. Abin da mutum yake saya shi ne kwanaki, a ce masa yana da kwana huɗu ko bakwai a cikin wata guda, ko kwana 15 a jere, ya hau jirgi iya son ransa a cikin waɗannan kwanaki. Idan ya cika su da dogayen tafiye-tafiye ya ci riba. Idan kuwa ya ɓatar da su a gajerun zirga-zirga ko a zaune a masauki, to kamfani ne ya ci shi.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan tikitoci shi ne Eurail, wanda aka fara sayarwa a 1959 domin baƙin da ba mazauna Turai ba, kuma babbansa yana aiki a ƙasashe 33. Yana da ɗan'uwa mai suna Interrail, wanda ya fito a 1972, shi kuma na mazauna Turai ne. Akwai kuma na ƙasa guda, kamar BritRail na Birtaniya, da Swiss Travel Pass na Suwizalan, da Japan Rail Pass na Japan. A nan ma akwai abin lura tun daga ƙofa. Yawancinsu an tanade su ne ga baƙo, don haka ɗan da ake zuwa bikin kammala karatunsa, wanda ya shekara uku a Ingila, ba lalle ba ne ya cancanci irin tikitin da iyayensa za su saya.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya auna shi ne biza. Ƙasashe 33 a kan takardar talla ba su da wani amfani ga mai fasfon Nijeriya idan bizar ƙasa ɗaya ce a hannunsa. Bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa, bizar Shengen kuma, wadda take buɗe ƙofar yawancin ƙasashen Turai, ba ta shiga Birtaniya, kuma tun daga Yunin 2024 kuɗinta ya koma Yuro 90 ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara shida zuwa ƙasa da 12. Wanda ya sayi tikitin sari kafin biza ta fito ya yi lissafin dokin Rano. A fara samun izinin shiga, sannan a yi maganar jirgi, kuma ko a lokacin a karanta ƙa'idar mayar da kuɗi da kyau, musamman ga tikitin da aka saya a lokacin rangwame.

Abu na biyu, wanda ya fi jan hankalin ɗalibin harshe, shi ne ma'anar kalmomin iyali da yaro. A wurin Bahaushe iyali kalma ce mai faɗi, ta ƙunshi mata da 'ya'ya da 'ya'yan riƙo da ƙanne, wani lokaci har da tsohuwa. Ɗan wa da ɗan ƙane duk 'ya'ya ne, babu mai cewa ɗan ɗan'uwana sai in ana son a nuna bare. Yaro kuma yana nan yaro har sai ya yi aure. Kamfanonin jiragen ƙasa ba su san wannan ba, kowannensu da ma'aunin da yake awo da shi, kuma ranar haihuwar da ke cikin fasfo ita ce alƙali. A tsarin Eurail yaro shi ne mai shekara huɗu zuwa 11, yana tafiya kyauta, amma yara biyu kacal aka yarje wa kowane babba. Da zarar ya cika 12 ya zama matashi, zai biya kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin babba har ya wuce shekara 27. A Japan mai shekara shida zuwa 11 rabin kuɗi yake biya. A Jamus kamfanin Deutsche Bahn yana ɗaukar yara har zuwa shekara 14 kyauta a manyan jiragensa, muddin an rubuta su a tikitin wanda suke tare da shi, har yara huɗu. A Suwizalan kuwa katin iyali yana ba yaro mai shekara shida zuwa 15 damar tafiya kyauta ne idan yana tare da uwa ko uba, don haka magidancin da ya ɗauko ɗan ƙanensa yana cewa ai ɗana ne, sai ya binciki matsayin yaron tun daga gida, kada gardama ta same shi a cikin tarago. Ashe ke nan iyali guda suna iya cin riba a wata ƙasa su yi asara a maƙwabciyarta, saboda shekarun yaransu kawai.

Abu na uku shi ne kuɗin kujera, kuma nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami. Tikitin sari izinin shiga jirgi ne, amma a wasu jiragen dole sai an biya wani kuɗin na daban an kama wurin zama. Haka abin yake a jiragen Faransa masu gudu da ake kira TGV, da takwarorinsu na Italiya da Sifen, da jiragen dare masu gadaje, da kuma Eurostar mai ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Faris tun 1994. A Eurostar kuɗin kujerar mai tikitin sari yakan kai Yuro 30 ko fiye a kowace tafiya, kuma kujerun da ake ware musu ƙidayayyu ne, suna ƙarewa da wuri a lokacin hutu. Yaron da aka ce kyauta yake tafiya shi ma sai an biya masa kujera. Mutum shida, zuwa da dawowa, an tashi Yuro 360 ke nan a kan kuɗin da aka riga aka biya. Akasin haka, a Jamus da Austiriya da Suwizalan da Holan da Beljiyam yawancin jirage ba su tilasta kama kujera ba, shi ya sa tikitin ya fi yin tasiri a can.

Abu na huɗu shi ne abin da tikitin bai ƙunsa ba. Mafi yawan zirga-zirgar iyali a cikin gari ɗaya take, daga masauki zuwa asibiti ko jami'a ko kasuwa, a jirgin ƙarƙashin ƙasa ko a bas, kuma Eurail ba ya biyan waɗannan. Wanda ya sauka Landan ya yi mako biyu a cikinta, abin da zai amfane shi shi ne sanin cewa yara 'yan ƙasa da shekara 11 suna shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta idan suna tare da babba. Na Suwizalan ne ya fita daban, domin shi ya haɗa da bas da jiragen ruwa na tafkuna da zirga-zirgar cikin birane da shiga ɗaruruwan gidajen tarihi, kuɗinsa kuma ya nuna hakan.

Bari mu sa lissafi a faifai. A 2024 tikitin Eurail na kwana huɗu a cikin wata, a aji na biyu, yana wajen Yuro 280 ga babba, na matashi kuma wajen Yuro 210. Mu ƙaddara wani magidanci daga Gumel zai tafi Jamus da maiɗakinsa da 'ya'ya huɗu, masu shekaru 17 da 13 da tara da biyar. Manya biyu Yuro 560, matasa biyu Yuro 420, ƙanana biyu kyauta, jimla Yuro 980. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, Yuro kuma ya haura 1,600. Da wannan farashi, kuɗin ya zarce Naira miliyan ɗaya da rabi, abin da zai iya biyan kuɗin makarantar yaro ko ya cika rumbu da gero. Idan aka raba 980 gida huɗu, kowace ranar tafiya ta tsaya wa iyalin a kan Yuro 245. Wannan adadi shi ne ma'auni, duk ranar da tikitin ɗai-ɗai na iyalin gaba ɗaya bai kai haka ba, an yi asara a ranar.

To, yaya na ɗai-ɗai yake? A Jamus yara uku daga cikin huɗun nan kyauta za su tafi, mutum uku ne kawai za su biya. Wanda ya saya da wuri, makonni kafin ranar tafiya, yakan sami tikitin rangwame da yake farawa daga ƙasa da Yuro 20. Ko da an ce kowanne ya kama Yuro 50, an tashi 150, ƙasa da 245 nesa ba kusa ba. Amma idan magidancin ya bari sai ranar tafiya ya je tasha ya ce a ba shi tikitin Hambug zuwa Munik, kowane babba zai biya sama da Yuro 100, mutum uku sun haura 300, a nan tikitin sari ya yi rana. Wannan shi ne sirrin al'amarin gaba ɗaya. Farashin jirgi a Turai yana hawa ne yayin da ranar tafiya take matsowa, kamar farashin rago ana gobe Sallah. Mai tikitin sari yana sayen 'yancin canza shawara ne da tsada, mai tikitin rangwame kuma ya sayar da wannan 'yanci ya karɓi araha, domin tikitinsa na jirgi guda ne a sa'a guda, in ya makara ya wuce shi, kuɗinsa sun bi ruwa.

Misalin Japan ya ƙara fito da abin fili. Shekaru da dama kowa yana ba baƙo shawarar ya sayi Japan Rail Pass ido rufe, domin na mako guda Yen 29,650 ne, kusan daidai da kuɗin zuwa Kiyoto daga Tokiyo da dawowa. A Oktoban 2023 aka mayar da shi Yen 50,000, alhali tafiyar Tokiyo zuwa Kiyoto tana wajen Yen 14,000 a kowane zuwa. Wanda tafiyarsa ba ta wuce wannan ba, ya kuma sayi tikitin saboda abokinsa da ya je a 2019 ya yaba masa, ya yi kyautar sama da Yen 20,000 a kan kowane babba. Darasin a nan shi ne shawarar wanda ya riga ka zuwa tana da amfani, amma farashi ba ya zama wuri ɗaya, sai an duba na shekarar da ake ciki.

Ga masu zuwa Birtaniya, inda da yawa daga cikin 'ya'yanmu suke karatu, akwai hanya ta uku wadda ta fi dacewa da yawancin iyalai, wato katin rangwame mai suna Family & Friends Railcard. Kuɗinsa Fam 35 ne a shekara tun daga Maris na 2025, yana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya, da kashi 60 cikin 100 ga yara masu shekara biyar zuwa 15, har manya huɗu da yara huɗu a tafiya ɗaya, kuma ba a tambayar dangantakar da ke tsakaninsu, sharaɗin dai a kasance da yaro aƙalla ɗaya a cikin tafiyar. Iyalin da za su tashi daga Landan zuwa Manchesta su dawo, sau da yawa a wannan tafiya ɗaya katin yake mayar da kuɗinsa. A cikin duk tsare-tsaren da muka ambata, wannan ne ya fi kusa da yadda Bahaushe ya fahimci iyali.

Ita kuwa tafiyar da mutanenmu suka fi yi da iyali, wato Umara, lissafinta mai sauƙi ne. Jirgin Haramaini da ya fara ɗaukar fasinja a 2018 ya haɗa Makka da Jidda da Madina a kan layi mai tsawon kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a, ya mayar da tafiyar da mota take yi a sa'o'i biyar ko fiye zuwa kimanin sa'o'i biyu da rabi. Mai Umara hawa biyu ko uku zai yi a duk zamansa, don haka tikitin ɗai-ɗai da aka saya da wuri ya wadatar, musamman a watan Azumi da kujeru suke ƙarewa. Abin da ya fi kamata ya kula da shi shi ne ƙa'idar kaya, domin jirgin yana iyakance girma da nauyin jakar kowane fasinja, mu kuwa an san mu da tsaraba.

Wannan batu na kaya ya kawo mu ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. Mai tikitin sari yakan ji cewa dole ya ci kuɗinsa, sai ya shiga jan iyali daga wannan birni zuwa wancan, yau Faris, jibi Rum, gata Barlin, domin kada kwana ɗaya ya tafi a banza. Irin wannan yawo ya dace da ɗalibi mai jaka ɗaya a baya. Ga mai tafiya da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da goyo, da manyan akwatuna shida, kowane canjin jirgi wahala ce, a sauko da kaya, a hau bene, a nemi wani dandamalin a cikin 'yan mintoci, jirgin kuma ba ya jiran kowa. Uwargida ce takan ɗauki mafi yawan wannan nauyi, ita da ba a cika shawartarta ba lokacin da ake sayen tikitin. Hutun da aka kashe miliyoyi domin a huta sai ya koma aikin ƙarfi, a dawo gida da gajiya da ɓacin rai, garin neman gira an rasa ido.

Saboda haka, shawarar da za a ba magidanci ita ce ya zauna da maiɗakinsa da takarda da alƙalami kafin ya buɗe kowane shafin talla. Su rubuta garuruwan da lalle za su je da ranakun zuwa, su bar waɗanda ake cewa in an sami dama. Sannan ya shiga shafin kamfanin jirgin ƙasar da za su je, ya sa shekarun kowa daidai yadda suke a fasfo, ya fitar da farashin kowace tafiya ya haɗa. A gefe guda kuma ya rubuta kuɗin tikitin sari na kowa, ya ɗora kuɗin kujeru a kai. Idan jimlolin biyu suka yi kusa da juna, na sari ya fi, saboda sassaucin da ke cikinsa. Idan ratar tana da yawa, ya bi mai araha. Ranar sauka daga jirgin sama kaɗai ce bai kamata a ɗaure ta da tikitin rangwame ba, domin jinkirin jirgi ko layin jami'an shige da fice yana iya cinye shi.

A taƙaice, tikitin sari yana da riba ga iyalin da za su yi dogayen tafiye-tafiye huɗu ko fiye a ranaku daban-daban, masu ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 12, a ƙasashen da ba a tilasta kama kujera ba, ko kuma waɗanda ba su da tabbacin ranakunsu, kamar mai jiran likita ya sallame shi. Ga wanda zai sauka gari ɗaya ya yi ziyara ɗaya ko biyu ya dawo, kuma haka mafi yawan tafiye-tafiyenmu suke, tikitin ɗai-ɗai da aka saya da wuri, ko katin rangwame, shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

Wannan ilimi ba na ƙasar waje kaɗai ba ne. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Duk ranar da jirage suka kankama a kansa, iyalai za su riƙa ƙetare iyaka a cikin tarago, kuma tambayoyin nan za su zo har gida: wane ne yaro, su wane ne iyali, nawa ne rangwamen mai yawan hawa? Yana da kyau hukumomin da abin ya shafa su amsa su da ma'aunin mutanen da za su hau jirgin, kuma a rubuta ƙa'idojin da Hausa tun daga ranar farko, domin manomin Gagarawa da ɗan kasuwar Maigatari su karanta da kansu su yi nasu lissafin. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su gida lafiya.